Wa Zai Ƙera Mana Mazubin Roba?

Sanin kowa ne cewa a yau babu wani gida a ƙasar nan, na birni ko na ƙauye, wanda za a shiga ba a tarar da kayan roba ba. Bokitin ɗiban ruwa, da bahon wanki, da kofin shan koko, da kujerun da ake jerawa ranar biki ko suna, da murfin kwalbar magani, har ma da sirinjin da ake yin allura da shi a asibiti, duk na roba ne. Da yawa daga cikin waɗannan kaya a nan gida ake yin su, a masana'antun Ikko da Kano da Aba da Anacha, kuma daga Kano ne 'yan kasuwa ke lodin wasunsu zuwa Jamhuriyar Nijar da Cadi da Kamaru. Wanda ya ga haka sai ya ɗauka mun kai gaci a wannan fanni. Amma abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, ƙarfen nan da yake ba kowane ɗayan waɗannan kaya siffarsa, watau mazubi, mafi yawansa daga ƙasashen waje ake sayo shi, musamman Sin da Taiwan da Indiya. A ganinmu lokaci ya yi da hukuma da masu masana'antu da makarantunmu za su dubi wannan giɓi da idon basira.

Abubuwa biyu ne suka sa muka ga ya kamata a ta da wannan magana. Na farko shi ne halin da kuɗinmu ya shiga. Bayan an saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Mazubin da aka saye da dala dubu talatin, ko da kamfanin da ya ƙera shi bai ƙara ko kwabo ba, farashinsa a naira ya ninka fiye da sau uku. Abu na biyu kuwa shi ne, ita kanta tsabar robar da ake narkarwa ta fara wadata a gida. Masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, ta daɗe tana fitar da foliyetilin da folifurofilin, sannan matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da folifurofilin a 2025. Ga tsaba a gida, ga kasuwa a gida da maƙwabta, ga matasa masu neman aiki. Abin da ya rage a hannun baƙi shi ne wanda ya fi bukatar ilmi.

Domin mai karatu ya fahimci inda muka dosa, ya kamata mu bayyana yadda aikin yake. Tsabar roba takan zo ne a buhu, kamar tsabar shinkafa. Akan zuba ta a bakin inji ta gangara cikin wani bututu mai zafi, inda wani dogon sukuru yake juyawa yana cakuɗa ta har ta narke. Folifurofilin, misali, yana bukatar zafin da ya wuce digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Idan abin da ya narke ya isa, sai sukurun ya danno gaba da ƙarfi ya ɗura shi cikin mazubi. Shi mazubi ɓari biyu ne na ƙarfe, mace da namiji, waɗanda idan aka haɗa su sai su bar wani ɗan fili a tsakaninsu mai siffar abin da ake son yi. Roba ta cika wannan fili, ta huce, ta daskare, injin ya buɗe mazubi, kaya ya faɗo, a sake rufewa. Duk wannan cikin 'yan sakan ko minti guda ake gama shi, kuma haka za a yi ta maimaitawa dare da rana.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah su ne suka yi rajistar injin farko na irin wannan a 1872, ana yin ƙananan kaya kamar mataji da maɓalli da shi. A 1946 kuma James Watson Hendry ya ƙera injin mai sukuru, wanda shi ne tushen waɗanda ake aiki da su a yau. Abin lura a nan shi ne, inji guda yana iya yin bokiti yau, gobe ya yi akwakun lemo, jibi ya yi kwandon shara, muddin an sauya masa mazubi. Ashe ke nan injin ƙarfi kawai yake bayarwa. Siffar kaya, da ƙarkonsa, da nauyinsa, da saurin fitarsa, har da ribar mai masana'anta, duk a jikin mazubi aka rubuta su tun ranar da mai zane ya zauna a kan teburinsa. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

Abu na farko da mai zanen mazubi zai sani shi ne roba tana tsukewa idan ta huce, kuma kowace iri da irin tsukewarta. Folifurofilin yakan tsuke da kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, foliyetilin mai ƙarfi yakan wuce haka, irin da ake kira ABS kuwa, wadda ake yin jikin rediyo da talabijin da ita, wajen rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Saboda haka idan ana son bokiti mai faɗin baki milimita 300, kuma robar za ta tsuke da kashi ɗaya da rabi, tilas a sassaƙa mazubin da faɗin kimanin milimita 304 da rabi. Wanda ya yi sakaci da waɗannan 'yan milimita zai tarar murfi bai shiga bakin bokiti ba, kuma ƙarfen da aka riga aka sassaƙe ba ya komawa da sauƙi.

Abu na biyu shi ne kaurin jikin kaya. Mutumin da bai san aikin ba zai ce a ƙara kauri domin kaya ya yi ƙarko. Masu sana'ar kuwa sun san cewa inda aka bar wuri ɗaya ya fi sauran kauri, nan ne zai yi jinkirin hucewa, bayansa ya daskare cikinsa na nan a narke, daga baya ya ja fatar ciki a ga lotsawa a jiki, ko kuwa kayan ya karkace gaba ɗaya. Don haka ƙa'idar ita ce a daidaita kauri ko'ina, yawanci tsakanin milimita 1 zuwa 4, inda kuma ake bukatar ƙarfi sai a sa haƙarƙari a bayan kaya, wanda kaurinsa bai wuce rabi ko kashi 60 cikin ɗari na kaurin jikin ba. Duk wanda ya kifa kujerar roba ya dubi ƙasanta zai ga waɗannan haƙarƙari, su ne suke ɗauke da nauyin mai zama. Haka nan ba a yin bangon kaya a miƙe sak. Akan ɗan karkatar da shi da digiri ɗaya ko biyu domin ya zame daga mazubi ba tare da ya maƙale ko ya karce ba. Shi ya sa gindin bokiti ya fi bakinsa tsukewa, kuma shi ya sa ake iya cusa bokiti ashirin cikin juna a ɗaure a mota.

Abu na uku shi ne hanyar da roba za ta bi ta shiga, da hanyar da iska za ta bi ta fita. Daga bakin inji roba takan bi wata magudana, ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi, ta shiga fili ta wata 'yar ƙofa. Inda aka sa wannan ƙofa babban al'amari ne. Idan roba ta rabu biyu ta kewaye wani rami, kamar ramin da ake maƙala mariƙin bokiti, to inda ɓangarorin biyu suka sake haɗuwa akwai tabo, kuma wannan tabo shi ne wuri mafi rauni a jikin kaya. Mai zanen da ya san aikinsa zai matsar da ƙofa har tabon ya faɗa inda babu nauyi. Idan mazubi mai ramuka da yawa ne, misali mai fitar da murfin kwalba 32 a bugu ɗaya, wajibi ne a auna hanyoyin ta yadda duk ramukan za su cika tare, in ba haka ba na kusa su cika har su yi tumbuɗi, na nesa su fito guntaye. Ita kuwa iskar da ke cikin fili, in ba a yi mata mafita ba, roba za ta matse ta a lungu har ta yi zafi ta ƙone kayan ya fito da baƙin tabo. Zurfin wannan mafita kimanin kashi biyu ne cikin ɗari na milimita, watau bai kai kaurin gashin kai ba, yadda iska za ta wuce amma roba ba za ta iya bi ba.

Abu na huɗu shi ne sanyaya mazubi, kuma a nan ne kuɗi yake. Fiye da rabin lokacin da ake ɗauka a kowane bugu jiran roba ta huce ne. Saboda haka akan huda ramuka cikin ƙarfen mazubi ruwa yana bi yana kwashe zafi, kuma tilas a tsara su yadda kowane sashe zai huce daidai da ɗan'uwansa. Lokacin hucewa yana hauhawa da sauri idan kauri ya ƙaru: aka ninka kauri sau biyu, jira zai ninka kusan sau huɗu. Bari mu yi lissafi. A yini da kwana akwai sakan 86,400. Mazubin da ke fitar da kaya kowane sakan 30 zai ba da guda 2,880, wanda kuwa aka kyautata hanyar ruwansa ya koma sakan 25 zai ba da guda 3,456. Bambancin guda 576 ke nan kowace rana, da inji ɗaya da ma'aikata ɗaya. Haka kuma idan gwanintar mai zane ta rage giram 20 a nauyin bokiti ba tare da ya rage ƙarko ba, to a bokiti miliyan guda an tsimi tan 20 na roba.

Daɗin daɗawa, akwai maganar ƙarfi da ta ƙarfe. Matsin da roba ke yi cikin mazubi yakan kai kilo 300 ko fiye a kan kowane murabba'in santimita, watau ya ninka na iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau ɗari. Baho mai faɗin santimita 40 yana da fuska ta kimanin murabba'in santimita 1,250, saboda haka sai an sami injin da zai iya danne mazubin da ƙarfin kusan tan 380, in ba haka ba zai buɗe roba ta tsiyayo ta gefe. Irin ƙarfen da za a zaɓa kuma ya danganta ga yawan kayan da ake nufin yi. Don gwaji ko 'yan dubbai, alminiyam ya wadatar. Don dubban ɗaruruwa akan yi amfani da ƙarfen da ake kira P20. Wanda ake so ya yi bugu miliyan ko fiye sai a nemi irin su H13, a gasa shi a taurara shi. Robar PVC kuwa tana fitar da tururi mai cin ƙarfe, sai an nemo mata ƙarfen da ba ya tsatsa. Bayan duk wannan sai a tsara sandunan da za su ingizo kaya waje ba tare da sun huda shi ba, da ɓangarori masu zamewa gefe idan kayan yana da ƙugiya ko rami a haƙarƙarinsa.

Mun kawo wannan dogon bayani ne domin a gane cewa zanen mazubi sana'a ce da ta haɗa lissafi, da ilmin zafi da sanyi, da sanin halin ƙarfe da na roba, da kuma gwanintar hannu. Kamfanin LEGO na ƙasar Denmak, mai yin 'yan tubalan roba na wasan yara, ya yi rajistar siffar tubalinsa a 1958, kuma tubalin wancan lokaci yana shiga cikin na yau daram. Wannan aikin maƙeran mazubi ne da ke auna ƙarfe da ma'aunin da ya gaza kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ƙasar da ke da irin waɗannan mutane tana iya yin kayan mota da na asibiti da na lantarki, domin hannun da ya iya sassaƙa mazubin roba shi ne zai iya sassaƙa abin buga farantin ƙarfe da na zubin alminiyam.

To, mene ne illar rashin su? Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa da ya yi tunanin sabon kaya sai ya aika da samfuri ƙasar waje, ya nemi dala, ya jira makonni ko watanni a ƙera, a ɗoro a jirgin ruwa zuwa Apapa, a fito da shi daga hannun kwastan, sannan a ɗauko shi a mota tafiyar kusan kilomita 1,000. Idan aka ɗora a inji aka ga kuskure, mai zanen yana wata nahiya. Wannan wahala ce ta sa da yawa suke gwammacewa su sayi mazubin da aka riga aka ƙera wa wasu, ko tsohon da aka gama cin moriyarsa, shi ya sa kayan da ke kasuwanninmu kusan duk kamarsu ɗaya. Har ila yau, mai zanen da ke can bai san cewa a Kano zafi yakan haura digiri 40 a bazara ruwan sanyaya inji ya yi ɗumi ba. Bai san cewa masana'antunmu da yawa suna gauraya sabuwar tsaba da tsohuwar robar da aka niƙa, wadda gudunta ya bambanta kuma takan zo da tsakuwa mai cin bakin ƙofa ba. Bai san yadda matan ƙauye ke ɗora bokiti a ka, ko yadda kujera ke kwana a rana ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ba za a ce shugabannin baya ba su hango wannan bukata ba. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin ƙera injunan sassaƙar ƙarfe a Oshogbo tare da haɗin gwiwar kamfanin HMT na Indiya. A 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, a 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedkwata a Kaduna, a 1992 kuma aka kafa hukumar NASENI. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 an yi shi ne domin yaro ya taɓa guduma da zarto tun yana ƙaramar sakandare. Amma kowa ya san yadda kayan aikin da aka shigo da su domin wannan shiri suka ƙare a makarantu da yawa, a kulle cikin akwatuna saboda babu wuta babu malami. Kamfanonin harhaɗa motoci da aka buɗe a 1975, Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, an yi fatan sannu a hankali za su riƙa sayen kayan gida, amma ba a gina maƙeran da za su yi wa masu kawo musu kaya mazubi ba. Mun sayi injuna, mun gina ofisoshi, mun bar mutumin da zai tsaya a gaban injin.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ya kamata a saurare su. Wasu za su ce ba mu da ƙarfe, tun da Ajaokuta da aka ƙulla yarjejeniyar gina ta da Tarayyar Sobiyat a 1979 ba ta kai ga narkar da tama ba. Gaskiya ne, amma ƙarfen mazubi na musamman ne, ƙasashe kaɗan ne ke yin sa, irin su Jamus da Suwidin da Ostiriya da Japan, kuma masu ƙira a ƙasashe da yawa saye suke yi. A farashin mazubi mai wuyar aiki, ladan zane da sassaƙa da gogewa ya fi kuɗin ɗanyen ƙarfe. Wasu kuma za su ce ba za mu iya karawa da arahar Sin ba, inda a gundumar Huangyan kaɗai ta lardin Zhejiang akwai ɗimbin ma'aikatun mazubi. Wannan ma gaskiya ne game da manyan mazubai masu ramuka da yawa. Amma gyara, da sauya ɓangaren da ya cinye, da ƙera ƙananan mazubai na gaggawa, aiki ne da na kusa ya fi na nesa dama a kansa, kuma daga nan ne kowa ya fara. Masu cewa roba ta zame mana annoba a magudanan ruwa da gonaki su ma suna da hujja. Sai dai mafi yawan abin da ke toshe kwata leda ce da kayan da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Kujera ko bokitin da aka tsara da kyau, ya yi shekaru bai fashe ba, aka kuma yi shi da robar da 'yan jari-bola suka tsinto, rage shara yake yi.

Gani ga wane, in ji masu iya magana. Marinha Grande ƙaramin gari ne a ƙasar Fotugal, wanda aka san shi da aikin gilashi tun ƙarni na 18. Maƙeran da ke yi wa masu gilashi mazubi su ne suka juya ga mazubin roba cikin shekarun 1940, bisa jagorancin wani maƙeri mai suna Aníbal Abrantes. Yaran da suka koyi aiki a wurinsa suka fita suka buɗe nasu, su ma suka yaye wasu. A 1969 suka kafa ƙungiyarsu, a 1991 aka buɗe musu cibiyar fasaha a garin. Ta haka Fotugal ta shiga sahun manyan masu ƙera mazubi a Turai, tana sayar da mafi yawan abin da ta ƙera a waje, musamman ga kamfanonin motoci. Indiya kuwa ta bi ta hannun hukuma ne. A 1968 ta kafa cibiyar CIPET a Madras domin koyar da aikin roba da ƙirar mazubi, daga baya ta buɗe ɗakunan ƙira na gwamnati tare da taimakon Jamus da Denmak a garuruwa irin su Ahmedabad da Aurangabad da Jamshedpur, inda ake horar da matasa ana kuma karɓar aiki daga ƙananan masana'antu. Ita wannan Indiya ce muke sayen mazubi a wurinta.

Mu ma ba baƙin zubi ba ne. Masu zubin tagulla na Igbo-Ukwu da Ife da Binin sun bar ayyukan da duniya ke mamaki, Bida ta yi suna da aikin tagulla, a ƙasar Hausa kuma maƙeran fari sun daɗe suna zuba mundaye da kayan doki. Wanda ya leƙa kasuwar Panteka ta Kaduna zai ga yadda masu sana'a ke sarrafa ƙarfe da 'yan kayan aiki kaɗan, kuma a garuruwanmu da yawa akwai masu narkar da tsohon alminiyam su zuba tukwane cikin mazubin yashi. Mai wannan sana'a ya riga ya san inda zai sa ƙofa, ya san ƙarfe na tsukewa, ya san iska na bukatar mafita. Abin da ya rasa shi ne karatun zane, da ma'auni mai kaifi, da inji.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta ware ƙirar mazubi a matsayin sana'ar da ƙasa ke bukata da gaggawa. A sauƙaƙa harajin shigo da ƙarfen mazubi, da injunan sassaƙa masu aiki da kwamfuta, da injunan da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, da kayan awo, domin bai dace ba a ce shigo da mazubin da aka gama ya fi shigo da kayan ƙera shi sauƙi. Ba mu ce a hana shigo da mazubi ba, don yin haka kafin a sami na gida zai kashe masana'antun da muke da su. Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya riga ya tanadi fifita injiniyoyin gida a kwangilolin gwamnati. A yi aiki da shi: ma'aikatar da za ta sayi kujerun makaranta ko kwandunan shara na dubban ɗaruruwa ta sa sharaɗin a ƙera wani kaso na mazubansu a gida.

Ga gwamnatocin jihohi, musamman Kano da Kaduna, shawararmu ita ce kada kowace ta ce sai ta gina tata cibiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A haɗa ƙarfi a kafa ɗakin ƙira guda ɗaya ingantacce kusa da masana'antu, mai wutar da ba ta yankewa, domin injin da ke sassaƙa ƙarfe na sa'o'i ashirin idan wuta ta ɗauke masa a tsakiya yana iya ɓata aikin mako guda. A bar masu masana'antu su zauna a hukumar gudanarwarsa, ya riƙa karɓar aiki ana biyansa, a kuma biya gwanayen maƙera albashin da zai hana su tafiya. Hukumar NBTE da manyan makarantun fasaha irin su Foliteknik ta Kaduna su buɗe kwas na musamman a kan zanen mazubi, kuma kada a ba ɗalibi takardar shaida sai ya zana mazubi, ya ƙera shi, an ɗora a inji an ga abin da ya fito. Asusun TETFund ya sa kuɗin kula da inji da horar da malami a cikin kuɗin saye tun farko. Su kuma masu masana'antu su buɗe ƙofa ga ɗaliban da ake turo musu koyon aiki, su bar su su kwance mazubi su gani, maimakon a zaunar da su a bakin ƙofa suna ƙirga buhuna.

Ga ma'aikatan gwamnati, waɗanda a hannunsu takardun kasafi da na kwangila suke bi, muna tunatar da su cewa sayen inji yana da daɗin rubutawa a rahoto, amma injin da babu gwani a gabansa tsatsa yake jira. Idan takarda ta zo gabanku, ku tambayi wanda zai sarrafa injin, da inda ya koya, da inda wuta za ta fito. Ga ɗalibai kuwa, muna cewa wannan fage ne da ba a cika ba. Tun 1978, lokacin da aka kafa kamfanin Moldflow a Ostireliya, ake iya gwada gudun roba cikin mazubi a kwamfuta kafin a taɓa ƙarfe, kuma manhajojin zane sun yawaita har ɗalibi na iya koyonsu a ɗakin kwanansa. Amma kwamfuta ba ta maye gurbin shekarun da ake yi a gaban injin wasa da teburin gogewa ba. Wanda ya haɗa biyun ba zai yi yawo da takarda yana neman aiki ba. A daina ganin cewa mai riga da maiko a jiki ya gaza mai zama a ofis.

Ba a yaye maƙerin mazubi a shekara ɗaya ko biyu. Yaron da ya fara koyo yana bukatar shekaru da dama kafin a danƙa masa ƙarfe mai tsada a ce ya sassaƙa shi kaɗai. Wannan shi ne dalilin da ya sa jinkiri ba namu ba ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka ta fara aiki a watan Janairu na 2021, kuma kasuwannin maƙwabta da muke taƙama da su a buɗe suke ga kowa. Idan muka ci gaba da narkar da robarmu cikin mazubin wasu, to kullum su ne za su yanke mana abin da za mu yi da farashin da za mu sayar. Muna fatan waɗanda abin ya shafa za su ji, su kuma aikata.